Sabar da Ta Yi Shiru: Ta Mutu Ne, ko Waya Ce Ta Tsinke?

Duk ma'aikatar da ta ɗora ayyukanta a kan kwamfuta, banki ne ko asibiti ko jami'a, yau da wuya ka tarar kowane aiki yana da injinsa shi kaɗai. Ana sayen manyan sabobi uku ko huɗu, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, a sa musu manhaja irin VMware ESXi, ko Hyper-V na Microsoft, ko Proxmox, sai a yanka kowace saba zuwa ƙananan kwamfutoci da yawa waɗanda ba su da jiki, manhaja ce zalla. Su ake ce wa VM. Faifan kowace VM ba ya cikin sabar da take gudana a kai. Yana can cikin wata ma'ajiya ta tarayya da dukkan sabobin ke iya kaiwa gare ta. A kan wannan aka gina alkawarin da ake kira HA: idan saba ɗaya ta faɗi, 'yan uwanta za su ɗauki VM ɗinta su kunna su daga wannan faifan cikin 'yan mintuna, ba sai an ta da kowa daga barci ba.

Alkawarin yana cika idan sabar ta yi mutuwar gaske, wato wutar cikinta ta ƙone ko ta tsaya cak. Wannan ake nuna wa mai saye ranar gwaji: a zare filogi, a duba agogo, VM ta tashi a wani wuri. Ko a nan ma a sani, tashi ne daga farko, duk abin da ke cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ya tafi. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne ranar da sabar take nan lafiya lau, VM ɗinta na ta aiki, amma suwic, wato na'urar da ke haɗa wayoyin netwok, ya rikice ko hanyar ma'ajiya ta toshe. A irin wannan rana ake asarar bayanai, kuma a ganina da ita ya kamata a auna kowane tsarin HA.

Sabobin da ke gungu ɗaya suna sanin halin juna ne ta wani ɗan saƙo da kowacce ke aikawa a kai a kai, wanda masu aikin ke kira bugun zuciya. A vSphere, tsarin VMware, kowane sakan ɗaya yake tafiya. To idan bugun saba ta uku ya daina zuwa, me sauran suka sani? Abu ɗaya tak: ya daina zuwa. Wataƙila ta mutu. Wataƙila kebul ɗinta ne ya fita. Wataƙila aiki ne ya yi mata yawa ta makara. Wataƙila ma ita ce take lafiya, su ne aka yanke daga duniya. Daga inda suke tsaye, duk waɗannan kamanninsu ɗaya ne. A fiƙihun Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ba ta aure don kawai an daina jin ɗuriyarsa. Sai ta kai wa alƙali, a bincika, a yanka wa'adin shekara 4, sannan ta yi takaba. Tambayar da gungun sabobi ke fuskanta ke nan, sai dai wa'adinsa sakanni ne, kuma ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara.

Kuskure biyu ne a gabansa, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan ya ɗauka tana raye alhali ta mutu, aiki zai tsaya har mutum ya zo. Abin takaici ne, amma yana gyaruwa. Idan kuwa ya ɗauka ta mutu alhali tana raye, zai kunna kwafin VM na biyu a kan faifan da na farko ke kan rubutu a kai. Tsarin fayil irin ext4 da XFS da NTFS an gina su ne a kan cewa kwamfuta ɗaya ce ke da faifan. Kowane kwafi yana riƙe da nasa lissafin wuraren da babu komai a cikin RAM ɗinsa, kowanne zai rubuta a inda yake zaton fili ne, ya danne abin da ɗayan ya rubuta yanzun nan. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Ana iya kwana da kwanaki kafin a gane, lokacin ɓarnar ta riga ta shiga har cikin kwafin ajiya. Wannan rabuwar kai ita ce babban abin tsoro, kuma duk dabarun da za su biyo baya don gudun ta aka ƙirƙiro su. Eric Brewer ya faɗi tushen maganar tun 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita da hujjar lissafi a 2002: idan sadarwa ta rabu, ba za ka samu ci gaban aiki a kowane ɓangare tare da daidaiton bayanai ba. Dole ka saki ɗaya.

Dabara ta farko ita ce ƙuri'a. Kowace saba tana da ƙuri'a ɗaya, ɓangaren da ya tara sama da rabi shi ke da ikon yanke hukunci. A gungun saba uku, biyu sun rinjayi ɗaya. A gungun saba biyu kuwa, da waya ta tsinke kowacce tana da rabi cif, babu mai rinjaye. Shi ya sa ake ƙaro mai raba gardama: wata 'yar na'ura ko fayil da ba ya ɗaukar VM, ƙuri'a kawai yake jefawa. Proxmox na da QDevice, Windows Server kuma tun bugun 2016 ya ba da damar ajiye wannan shaida a Azure, sabobin Microsoft da ake haya ta intanet. Ga wanda sabobinsa ke Legas ko Abuja ko Kano, wannan zaɓi na son tunani. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama. Gungun da shaidarsa ke ƙetare zai iya ci gaba da aiki a irin wannan yanayi, amma in gardama ta taso tsakanin sabobinsa a lokacin, babu mai raba ta.

Sai dai rinjaye bai kashe kowa ba. Ya nuna wanda ke da iko, bai hana wanda aka rinjaya ci gaba da rubutu ba. Kafin a kunna VM a sabon wuri, dole a tabbatar tsohon wurin ya saki faifan. Wannan shi ne killacewa, kuma a nan gizo ke saƙa.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a kashe sabar daga nesa. Manyan sabobi suna da wani ɗan kati na gudanarwa mai nasa kebul, iDRAC a na Dell, iLO a na HPE, wanda ke karɓar umarni ko da sabar ta sandare. A duniyar Linux, manhajar kula da gungu Pacemaker na kiran wannan STONITH. Tana da rauni biyu da ba a cika lura da su ba. Na farko, idan wuta ta ɗauke wa sabar gaba ɗaya, katin ma ya mutu, ba zai amsa cewa an kashe ba. Tsarin da ke da taka-tsantsan, irin manhajar sarrafa VM ta oVirt, sai ya tsaya yana jiran mutum ya zo ya tabbatar da hannunsa. A inda ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta abu ne na kullum, wannan ba zancen littafi ba ne. Na biyu, umarnin kashewar ta netwok yake bi, kuma sau da yawa netwok ɗin ne ya kawo matsalar tun farko.

Abin da ya sami GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ke nan ranar 22 ga Disamba 2012, kamar yadda su da kansu suka bayyana. Ana sabunta manhajar manyan suwic ɗinsu sai netwok ya daskare na kimanin minti ɗaya da rabi. Sabobin ajiyar fayil ɗinsu biyu-biyu suke, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Masu jiran suka daina jin bugun abokansu, suka aika umarnin kashewa, suka yi shirin karɓar aiki. Wasu umarnin ba su isa ba. Da netwok ya dawo, aka samu wurare da dama da sabobi biyun kowacce ke ganin ita ce mai aikin, suka kashe juna. Sai da injiniyoyi suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna duba wacce ke riƙe da sahihin kwafi, aikin ya ci sama da awa 5. Ba VM ba ne a wannan labari, amma cutar ɗaya ce.

Hanya ta biyu ta juya lamarin: kowace saba ta yi alkawarin kashe kanta. Akwai wani agogon gadi a cikinta wanda, in ba a taɓa shi ba har wa'adi ya cika, zai sake kunna sabar ba shawara. Muddin tana cikin masu rinjaye, manhajar HA na ta sabunta agogon. Da ta fita daga cikinsu, sai a daina. A Proxmox wa'adin sakan 60 ne, sauran sabobin kuma sai su ɗan ƙara jira a kai, shi ya sa tashin VM ke ɗaukar kimanin minti 2. Kyawun wannan dabara shi ne ba ta buƙatar saƙo ya isa ko'ina. Lokaci kawai ake ƙirgawa. Tsadarta kuwa mai zafi ce. Idan suwic ɗin da Corosync, manhajar da ke kai bugun zuciya a Proxmox, ke bi ya faɗi, ko aka cika layin da kwashe kwafin ajiya har bugun zuciya ya kasa wucewa, kowace saba za ta ga ita kaɗai ce, duk mai ɗauke da VM na HA ta sake kunna kanta. Gungu lafiyayye ya kwanta gaba ɗaya saboda cunkoson waya. Wanda wannan ya taɓa samu yakan zagi manhajar, amma ta yi abin da aka gina ta a kai ne. Laifin na wanda ya haɗa bugun zuciya da manyan kaya a layi ɗaya ne, alhali Corosync 3 na karɓar layuka har 8.

VMware ta bi wata hanya tun vSphere 5.0 a 2011. Ban da bugun netwok, kowace saba tana barin alamar rai a kan ma'ajiya, a wurare biyu bisa tsarin asali. Idan shugabar gungu ta daina jin wata ta netwok, sai ta leƙa ma'ajiya: in alamar na sabuntuwa, to tana raye, an dai yanke ta ne. Ita ma wadda aka yanke tana gwada taɓa wani adireshi, yawanci na rawuta, don ta gane ko ita ce a ware. In ta tabbata, sai ta bi abin da aka tsara mata: ta bar VM ɗinta a kunne, ko ta rufe su a hankali, ko ta kashe su nan take. Shaida biyu sun fi ɗaya, amma da sharaɗin kada su zo ta hanya guda. In ma'ajiyar ta Fibre Channel ce mai nata wayoyin, barin VM a kunne na da ma'ana, tunda suna riƙe da faifansu. In kuwa iSCSI ce ko NFS da ke bin suwic ɗaya da komai, yankewa ɗaya za ta ɗauke shaidun biyu. Makullin da sabar ta sa wa faifan zai saki, a kunna VM a wani wuri, tsohuwar kuma tana nan a RAM. Da netwok ya dawo sai a ga kwamfuta biyu da adireshi ɗaya, har sai ESXi ya gane ya rasa makullin ya kashe tsohuwar. A irin wannan shiri kashewa nan take ita ce daidai, kuma ita VMware ke ba da shawara a kai ga masu vSAN, manhajar ma'ajiyarta.

Duk wannan a kan yankewar netwok ne. Yankewar ma'ajiya ta fi shi ɓoyuwa, domin a idon HA babu abin da ya faru. Sabar na bugun zuciya, VM na kunne, allon lura kore shar. A ciki kuwa kowane karatu da rubutu ya maƙale. Linux bisa asali yana jiran faifai sakan 30 kafin ya fara ɗaukar mataki, VMware Tools kan ɗaga wannan zuwa 180. Bayan nan kurakurai su fara, ext4 a yawancin tsare-tsare ya koma karatu kawai ba rubutu. Ko ma'ajiyar ta dawo, VM ɗin ba za ta warke da kanta ba. Ana iya taɓa ta ta netwok ta amsa, amma ba ta iya ajiye ko harafi ɗaya.

VMware ta raba wannan gida biyu, kuma rabon yana koyar da abu. Akwai PDL: ma'ajiyar da kanta ta amsa cewa wannan faifan babu shi. Magana ta fito, ba sauran jira, a kashe VM a gwada wani wuri. Akwai kuma APD: dukkan hanyoyi sun yi tsit, babu wanda ya ce komai. Mun koma gidan jiya, shiru ne ba a san ma'anarsa ba. Kafin vSphere 6.0 a 2015, HA ba ya taɓuka komai a kan APD. Tun daga nan ana jiran sakan 140, a ƙara minti 3 bisa asali, wato minti 5 da sakan 20 kafin a kashe VM. Kuma akwai zaɓi: ko a kashe ta kawai idan an san wata saba na ganin faifan, ko a kashe ko ba a sani ba. Ni na fi karkata ga na farko. Idan ma'ajiyar ce kanta ta kwanta, babu sabar da ke ganinta, kashewa ba ta ƙara komai sai asarar abin da ke RAM.

Microsoft ta zaɓi haƙuri. Tun Windows Server 2016, idan faifai ya ɓace, Hyper-V yana daskarar da VM yadda take, ya jira har minti 30. In ma'ajiya ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, in ba ta dawo ba a kashe ta. Sabar da ta fita daga gungu ma ana ba ta sakan 240 kafin a kwashe mata kaya. QEMU, wanda ke ƙarƙashin Proxmox da oVirt, bisa asali yana tsayar da VM ne kawai in wuri ya ƙare, sauran kurakurai ya miƙa su ga VM ɗin, sai in an sauya masa. Daskarewar na da fa'ida babba: tsarin fayil na ciki bai ga kuskure ba balle ya lalace. Amma ita ma tana da tarko. In an riga an kunna kwafi a wani wuri sannan daskararriyar ta farka, rabuwar kai ta dawo ta bayan gida. Don haka oVirt tun bugun 4.1 ya kawo izinin riƙo mai wa'adi da ake rubutawa a kan ma'ajiyar kanta: VM ba ta gudana sai tana riƙe da shi, in ta kasa sabunta shi a kashe ta.

Wannan bambanci ya ƙara muhimmanci tun da Broadcom ta sayi VMware a Nuwamba 2023 ta daina sayar da lasisin dindindin, ma'aikatu da yawa suka fara ƙaura zuwa Proxmox. Manhaja ce mai kyau, amma HA ɗinta yana duba rinjaye ne da ko VM na kunne, ba ya bibiyar ko faifanta na amsawa. Wanda ya saba da cewa ɓacewar ma'ajiya za ta sa a ɗauke VM zuwa wani wuri, ya ƙaura da wannan zato, zai sha mamaki a mummunan lokaci.

Yayin da ake ciki yanzu shi ne a haɗe ma'ajiya da sabobin wuri ɗaya, da Ceph ko vSAN, kowane bayani a kwafe shi a sabobi daban-daban. An rabu da akwati ɗaya da kowa ya dogara a kai, amma yanzu netwok shi ne ma'ajiyar, lalacewar ɗaya lalacewar ɗayan ce. Ceph bisa asali yana ajiye kwafi 3, in waɗanda ake gani suka gaza 2 sai ya tsayar da karatu da rubutu. Daidai ya yi. Haɗarin da ya fi girma shi ne gaggawar warkar da kai. Ranar 21 ga Afrilu 2011, a cibiyar Amazon da ke arewacin Birjiniya, kuskure wajen sauya tsarin netwok ya tura zirga-zirgar ma'ajiyar EBS zuwa ƙaramin layi da bai iya ɗauka ba. Injinan ajiya da yawa suka rasa abokan kwafinsu lokaci guda. Da layi ya dawo, kowanne ya ɗauka abokinsa ya mutu, ya bazama neman sabon wurin kwafi, har filin ya ƙare. Kusan kashi 13 cikin 100 na faifan sashen cibiyar da abin ya shafa suka maƙale, VM ɗin da ke kansu suka sandare, shafuka irin Reddit da Quora suka faɗi. A ƙarshe kashi 0.07 ba a iya dawo da su ba. Gudun irin wannan gaggawa ne ya sa Ceph ke jiran minti 10 kafin ya fara sake kwafe kayan faifan da ya ɓace, kuma ban ga hikimar rage wannan jira ba.

Kwaɗayin rage wa'adi yana da ƙarfi, domin kowane shugaba yana son ya ji aiki zai dawo cikin sakanni. Amma mafi yawan tangarɗar netwok gajeru ne. A 21 ga Oktoba 2018 layin GitHub tsakanin cibiyoyinsu na gabashin Amurka ya yanke na sakan 43 kacal. Manhajar sauyi ta riga ta mai da jagorancin rumbunan bayanai na MySQL zuwa yammacin ƙasar, kowane ɓangare ya zama yana da rubutun da ɗayan ba shi da shi. Daidaita su ya ɗauki awa 24 da minti 11.

Akwai kuma maganar wuri, a taƙaice: saba uku da kowacce ta cika maƙil ba su da HA, ko an danna maɓallinsa. Sai an bar kusan kashi ɗaya cikin uku na RAM a buɗe.

Gwajin da ke da amfani shi ne wanda ya bar sabar a kunne. A zare kebul ɗin bugun zuciya kaɗai, a ga me ya faru da VM. A mayar, a zare na ma'ajiya kaɗai, a shiga cikin VM a gwada rubuta fayil, kada a tsaya ga koren allo. A kashe suwic ɗaya, sannan a duba ko katin gudanarwa da mai raba gardama ba a jikinsa suke ba. Sannan a gwada wanda ya fi su wahala, wato lalacewar da ba ta kai yankewa ba. Ana yawan saita layin ma'ajiya ya ɗauki manyan ƙunshi masu bayit 9000 maimakon 1500 da aka saba. In aka canja suwic aka manta da wannan saiti a ramin kebul ɗaya, ƙananan saƙonni za su wuce sumul, bugun zuciya na zuwa, gwajin taɓa adireshi na amsawa, manyan ƙunshin da ke ɗauke da bayanan faifai kuwa ana zubar da su a hanya. Babu ƙuri'ar da za ta sauya, babu agogon gadin da zai cika. Abin da zai kama wannan shi ne lura daga waje: wata na'ura dabam da ke rubuta ɗan bayani cikin manhajar da mutane ke amfani da ita, ta karanta shi, ta auna tsawon lokacin da ya ɗauka, ta buga wa ma'aikacin da ke kan aiki waya in ya wuce ƙima.